Babi na Shida: Halowin, Daren da Aka Mance da Masu Shi

Wanda ya tashi a ƙasar Kiyako, ko a wani ƙauye daga cikin waɗanda ke shimfiɗe tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, in aka ambata masa ƙarshen watan Oktoba, ba abin da zai faɗo masa a rai sai kaka: gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka, an baza gyaɗa tana shan rana, Fulani sun soma gangarowa da shanu gonakin da aka kwashe, samari kuwa suna shawarar ranar kalankuwa. Saboda haka, kafin mai karatu ya fahimci bikin da wannan babi ya ƙunsa, wajibi ne ya jingine kakarmu tukuna, ya kai hankalinsa wani tsibiri can arewa maso yammacin Turai da ake kira Ayalan, inda wannan lokaci na shekara yake zuwa da amfanin gona a hannu ɗaya, da tsoro a ɗaya hannun. A can, in hunturu ya kankama, rana ba ta cika sa'a takwas a sama ba, alhali mu nan tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai sa'a biyu ba. Ciyawa ta daina tsiro, duhu ya rufe tun la'asar, sanyi kuma ya shiga bin tsofaffi da jarirai ɗaki ɗaki.

Mutanen wannan tsibiri, da 'yan'uwansu na tuddan Sikotlan, makiyaya ne tun fil azal, da shanu suke auna arzikin mutum, da su suke biyan diyya, har ina zaton da za a tashe su a kai su gaban Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu, su ga shanun nan masu dogayen ƙahoni da mutanen dā suka zana jikin dutse, ba su buƙatar tafinta. Sun raba shekararsu gida biyu, rabin haske mai farawa da watan Mayu, da rabin duhu mai farawa ranar 1 ga Nuwamba, wadda suke kira Sawin; da yake kuma a lissafinsu dare ne ke riga yini, kamar yadda daren Juma'a ke riga yininta a wurinmu, sai bikin ya zama yana somawa da faɗuwar ranar 31 ga Oktoba. A lokacin ne ake sauko da garke daga makiyayar tudu, a ƙirga, a ware waɗanda abincin da aka tanada zai iya riƙewa har bazara, sauran kuwa a yanka a sa gishiri. A hura manyan wutace kan tuddai, sarakuna su yi taro, a ci a sha. Tatsuniyoyinsu sun ce a wannan dare ƙofofin tsofaffin tsibin ƙasa da ke warwatse cikin dajinsu sukan buɗe, mutanen ɓoye su fito su yi cuɗanya da bil'adama, don haka mai hankali ba ya nisa da gida.

A nan ne galibin masu ba da labarin Halowin kan yi gaggawa, su ce ai shi ke nan, bikin matattu ne na jahiliyyar Turawa wanda Nasara suka gada, wasu ma har su ƙara da cewa arnan sukan sa fatun dabbobi don su ɓad da kama daga fatalwa. Amma ɗalibin da ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar ruwaya sai an dubi isnadinta, isnadin wannan ruwaya kuwa yankakke ne. Mutanen Ayalan na zamanin jahiliyyarsu ba su bar littafi ba. Abin da ya iso gare mu na Sawin ruhubanawan Nasara ne suka rubuta shi, daga wajen ƙarni na 9 na Miladiyya zuwa sama, watau shekaru ɗari huɗu bayan shigar addinin Almasihu tsibirin. Wani malamin tarihi na Jami'ar Biristol a Ingila, Ronald Hutton, wanda ya bi waɗannan rubuce-rubuce da tahakiki cikin littafin da ya fitar a 1996, ya nuna cewa a cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe da walima da aljanu, amma ba su ƙunshi hujjar cewa an keɓe ranar don girmama kakanni da suka mutu ba. Matattu sun shigo wannan dare ta wata ƙofa dabam, ƙofar mujami'a.

Tun farkon al'amarinsu Nasara suna da ranakun tunawa da shahidansu, har shahidan suka yi yawan da kwanakin shekara ba su isa a ba kowa tasa ba. A ranar 13 ga Mayu, wajen shekara ta 609, Paparoma Boniface na Huɗu ya mai da Pantiyon, tsohon ɗakin gumakan Rumawa, ya zama mujami'a da sunan Nana Maryamu da dukan shahidai. Paparoma Gregory na Uku, wanda ya riƙe kujera daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin ibada a Roma don dukan waliyyansu, sa'an nan a 835 Sarki Luwis, ɗan Shalaman, ya zartar da 1 ga Nuwamba a matsayin Ranar Dukan Waliyyai cikin daularsa baki ɗaya. Abin lura, wanda masu cewa an ƙirƙiri ranar don a danne Sawin ba su cika ambata ba, shi ne a ƙasashen Ingila da Jamus aka fara riƙon wannan kwanan wata, su kuwa ruhubanawan Ayalan a watan Afrilu suke nasu. Daga baya, wajen shekara ta 1000, Odilo, shugaban babban gidan ruhubanawa na Kuluni a Faransa, ya umarci almajiransa su ware kashegari, 2 ga Nuwamba, don yi wa sauran matattu addu'a, waɗanda ba waliyyai ba ne, talakawan lahira in ji mai zolaya. Jajiberen waɗannan ranaku biyu shi ne Halowin.

To, me ya sa addu'ar ta zama abin gaggawa haka? Akidar Katolika ta tafi a kan cewa akwai wani masauki tsakanin mutuwa da Aljanna, inda ake tsarkake ran mumini da ya mutu da sauran zunubi, ta hanyar azaba mai iyaka, kuma addu'ar masu rai da sadakarsu na iya taƙaita zamansa a can. Wannan ya saɓa da barzahu a akidarmu, wanda kowa da kowa ke zaune cikinsa har tashin Alƙiyama, amma damuwar da ke ƙarƙashin abin ɗaya ce, watau me ɗa zai yi wa uban da ƙasa ta rufe. Daga wannan damuwa ne wata al'ada ta tsiro a Ingila da wasu sassan Turai, tun aƙalla ƙarni na 15, wadda a ganina ita ce zuciyar labarin nan duka. Uwargida ta kwana tana gasa 'yan ƙananan waina na alkama, zagayayyu, da ɗan kayan ƙamshi, a tsaga alamar gicciye a bayan kowace. In dare ya yi, ana ta kaɗa ƙararrawar mujami'a don matattu, sai matalauta da yara su fito ƙungiya ƙungiya, wasu riƙe da fitila, suna bin ƙofa ƙofa suna rera roƙo. A miƙa wa kowa wainarsa, shi kuma ya ɗauki alkawarin yi wa mamatan gidan addu'a. Mai gida yana da gari ba shi da lokacin yawan ibada, matalauci yana da baki ba shi da gari, sai aka yi musaya, kowa ya koma yana ganin shi ya ci riba.

Ba sai an yi wa Bahaushe dogon sharhi a kan wannan ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren makoki a ƙasar nan ya ga yadda ake fito da ƙwaryar gumba ko tiren waina ran sadakar uku, ko ta bakwai, ko ta arba'in, almajirai sun yi layi da ƙoƙunansu, a saka wa kowa rabonsa, su shafa fatiha, a ce Allah ya kai ladan kabarin wane. Malamanmu sun daɗe suna saɓani a kan ƙayyade waɗannan ranaku, wasu na ganin bidi'a ce da ba ta da asali a sunna, wasu na ganin al'ada ce da ta ɗauko sadaka, ita kuwa sadaka ga mamaci jumhurun malamai sun tafi a kan isarta. Ba wannan babi ne zai raba gardamar ba. Abin nufi kawai, yaron da ke ƙwanƙwasa ƙofa a Amurka yau da jakar alewa a hannu, kakansa na nesa almajiri ne mai bara, yana karɓar abinci yana biya da addu'a.

Abin da ya tsinke wannan igiya kuwa ya faru ne, bisa ƙaddara, a daren Halowin kansa. Ran 31 ga Oktoba 1517, a garin Witinbag na Jamus, wani ruhubani malamin jami'a mai suna Martin Luther ya fitar da mas'aloli 95 yana inkarin sayar da takardun yafe azaba, waɗanda wakilan Paparoma ke tallatawa ga talakawa da sunan fansar iyayensu daga wancan masauki. Gardamar ta girma har ta tsaga Nasaran Yamma biyu, mabiya sabon tafarkin kuma suka kai ga soke akidar masaukin ɗungum, suka ce mamaci ya riga ya tarar da abin da ya aikata, ba addu'ar da za ta ƙara masa ko ta rage. A Ingila, zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko, aka hana kaɗa ƙararrawar matattu. Bayan 1605 kuma, shekarar da aka tona makircin tarwatsa majalisa da albarushi, sai wutar da ake hurawa a wannan lokaci ta koma 5 ga Nuwamba, ta zama ta siyasa. Hukuma na iya hana addu'a da doka, amma hana yaro zagayen da ya saba samun abin tauna cikinsa sai a hankali. Zagayen ya saura, dalilinsa ya tafi.

A Sikotlan da Ayalan, inda daren ya riƙe ƙarfinsa, sai ya cika da wasannin samari da 'yammata: duban wanda za a aura ta hanyar jefa 'ya'yan itace cikin wuta, cafko tuffa da haƙora daga cikin ruwa, da makamantansu, waɗanda mawaƙin Sikotlan Robert Burns ya tattara cikin wata waƙa a 1785. Yara kuma suka riƙa shafa baƙin tukunya, su sa tsummoki ko rigar manya, su bi gidaje suna waƙa ko barkwanci, a sallame su da kwabo ko tuffa. Wannan ai tashe ne, in ban da bambancin wata. Mu namu a kan fara shi in azumi ya kwana goma, yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma cikin riga ya yi tumbi, ya dogara sanda, abokansa na amshi, a yi Macukule ko Jatau Mai Magani, matan gida su yi dariya su ɗebo hatsi. A Kano kuma ga Nalako da jama'arsa suna farautar gwagware. Tashe bai da alaƙa da matattu, kuma ba wanda ya ara daga wani. Abin da ya haɗa su shi ne kowace al'umma takan so ta ware wasu darare da ƙarami zai sa kamannin babba ya faɗi abin da ba ya faɗuwa da rana. Kuma irin wannan wasa yana da saurin bin matafiya: a Wagadugu ta Burkina Faso har yau yara na wasan Dodo cikin azumi, da fuskokin ƙwarya da kamannin namun daji, kuma mutanen birnin suna jingina asalinsa ga fataken Hausa da suka zauna a zangonsu cikin ƙarni na 19.

Shi Halowin yunwa ce ta ƙetarar da shi teku. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta lalata dankalin da talakan Ayalan ke rayuwa a kansa, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan kuma suka yi hijira, galibinsu zuwa Amurka da Kanada. A gida sun saba rarake wani saiwa mai tauri su yanka masa ido da baki su sa garwashi ko kyandir ciki, suna danganta shi da hikayar wani marowaci, Jak, wanda ya yaudari Iblis har wuta ta ƙi shi, Aljanna ma ta ƙi shi, ya saura yana gararamba da fitilarsa. A sabuwar ƙasa suka tarar da kabewa, ga girma ga laushi, wuƙa na shiga ba gardama, sai ta gaje aikin. Matan Gwaram da suka san darajar kabewa a miyar taushe, in suka ji miliyoyinta ake fafewa kowace shekara a ajiye bakin ƙofa har su ruɓe, ba abin da za su kira shi sai almubazzaranci, ni kuwa ba zan yi musu da su ba.

Da farko abin bai zo wa Amurkawa da daɗi ba, domin samari sun mai da daren na ɓarna: a cire ƙyauren shinge, a kife makewayi, a wayi gari a ga keken doki bisa rufin rumbu; da aka shiga manyan birane kuwa sai wasa ya koma fasa tagogi da cinna wuta. Wanda ya ga yadda 'yan daba suka riƙa fakewa da tashe a Kano, har 'yan sanda suka dakatar da shi a wasu shekarun nan, ya san irin wannan ciwon kai. Dattawan wani ƙaramin gari, Anoka, a jihar Minesota, suka yi dabara a 1920: maimakon bulala, suka shirya jerin gwano da rabon kayan zaƙi, don a shagaltar da yaran. Wasu garuruwa suka bi sahu. Cikin shekarun 1920 kalmar da yara ke faɗa a bakin ƙofa ta bayyana a jaridun Kanada, ma'anarta ko a ba mu ko mu yi ɓarna, ta bazu kudu. Sai mai karatu ya auna nisan tafiyar: wanda dā ke cewa ba ni in yi wa mahaifinka addu'a, yanzu cewa yake ba ni in ƙyale maka tagarka.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗan dakushe al'adar, saboda an ƙayyade sukari a Amurka daga 1942 zuwa 1947, amma da aka saki sukari, aka kuma gina sababbin unguwanni cike da ƙananan yara, sai 'yan kasuwa suka farga. Kamfanonin alewa, da maɗinkan kayan shiga, da masu sinima, kowa ya kama gefensa. Fim ɗin ban tsoro na John Carpenter da ya fito a 1978 ya ƙara jawo manya cikin abin da dā na yara ne. A 2023 ƙungiyar 'yan tireda ta Amurka ta ƙiyasta za a kashe dala biliyan 12.2 a kan wannan dare ɗaya, daga ciki har da kimanin dala miliyan 700 na tufafin da za a sa wa karnuka da kyanwoyi. Ba a ambaci ko sisi na addu'a ba cikin lissafin.

A wannan siffa, ba addini ba mamaci, bikin ya sami sauƙin shiga ko'ina, domin ba ya neman kowa ya yi imani da kome. Ya koma Turai ta talabijin, ya shiga Jamus da Faransa cikin shekarun 1990. A Japan wurin wasan Disney na Tokiyo ya fara shi a 1997, kafin shekara ashirin matasa sun cika titunan unguwar Shibuya, daga baya har hukuma ta roƙe su su zauna gida. A Seul ta Koriya ta Kudu, daren 29 ga Oktoba 2022, turmutsitsin masu biki cikin wani lungu na unguwar Itaewon da faɗinsa bai wuce mita huɗu ba ya zama ajalin mutum 159, mafi yawansu 'yan shekara ashirin da wani abu. A wannan mako ɗin ne aka ga hotunan matasa da fuskokin dodanni a wani dandalin shaƙatawa na Riyad, abin da ya tayar da muhawara mai zafi tsakanin Musulmi har a nan ƙasar Hausa. A Legas da Abuja ma yakan leƙo cikin otal-otal da wasu makarantun kuɗi, ko da yake malaman Musulunci da limaman Kirista da yawa sun haɗu a kan ƙyamarsa, kowa da hujjarsa.

Akwai wata ƙasa, duk da haka, da matattun ba su bar wurinsu ba, ita ce Meziko. Mutanen Sifen, waɗanda suka ci babban birnin Aztek a 1521, sun zo da ranakun nan biyu na Nuwamba, suka tarar da jama'a masu nasu bukukuwan tunawa da mamata, abubuwan biyu suka cakuɗe har masana na gardamar wanne ya rinjayi wani. A cikin gida a kan shirya teburi mai hawa hawa, a jera hotunan waɗanda suka rasu, da kyandir, da kofin ruwa, da gishiri, da wani burodi na musamman, da abincin da mamacin ya fi so yana da rai. A zuba furanni ruwan ɗorawa tun daga bakin ƙofa, wai don ya gane hanya. Ranar farko ta yara ce, ta biyu ta manya. A wurare irin su tsibirin Hanitsiyo da ke tabkin Patskuwaro, iyalai kan share kaburbura su kwana a maƙabarta. Musulmi ba zai yarda cewa mamaci na dawowa cin abinci ba, shi ziyarar kabari a wurinsa sallama ce da addu'a da wa'azi ga mai rai; amma adalci ne a faɗa cewa a can ana kiran kowane mamaci da sunansa, abin da Halowin ya daɗe da dainawa.

Har shigar ƙwarangwal da ta zama tambarin bikin nasu tana da tarihi mai ban dariya. Wani mai zanen jarida, José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, shi ya zana ƙoƙon kan mace sanye da malafar Turawa mai gashin jimina, yana yi wa masu kwaikwayon Turai ba'a. Mai zane Diego Rivera ya ƙara mata jiki da doguwar riga a wani zanen bango na 1947, yau kuma ita ce 'yammata ke kwaikwaya, su fente fuska fari da baƙi. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2008. Sa'an nan a 2015 wani fim na James Bond ya buɗe da gagarumin jerin gwanon ƙwarangwal a tsakiyar birnin Meziko, alhali birnin bai taɓa yin irinsa ba. Masu fim ne suka ƙaga shi. Da hukumomin birnin suka ga baƙi za su zo neman abin da suka gani a majigi, sai a shekarar da ta biyo, 2016, suka shirya jerin gwanon da gaske, har da wasu kayan da aka yi fim ɗin da su, kuma dubban ɗaruruwan mutane ne ke fitowa kallonsa.